Obin ɗina yana nuna F350 yana ɗauke wuta ana cikin gashi

Maman Fadila:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin murhun lantarki mai haɗe da obin. Nawa na hannu ne, daga Amurka aka shigo da shi, an haɗa mini shi ta taransifoma, kuma da shi nake gasa kek da burodin sayarwa. A 'yan kwanakin nan idan na kunna obin ɗin yakan fara ɗaukar zafi lafiya lau, amma ana cikin gashi sai ya yi ƙara, allonsa ya nuna F350, ya ɗauke wuta, ƙullun kek ya zauna. Idan na kashe shi daga bango na sake kunnawa lambar takan ɓace, zafi na hawa kuma sai ta dawo. Takardar da na samu a jikinsa ta ce lambar ta matsalar fanka ce, alhali ina ganin fankar cikin obin ɗin tana juyawa da idona. Wani mai gyara ya ce fanel ne, wato allon lantarkin da ke sarrafa obin ɗin, ya lalace, a yi odar sabo, kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Shin in yarda in biya, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Injiniya Bala:

Wa alaikumus salam. Hajiya, ki dakata da sayen fanel tukuna. Irin wannan murhu fanka biyu gare shi. Wadda kike gani a bangon baya na cikin obin aikinta watsa zafi ne domin gashi ya yi daidai ko'ina. Ta biyun a ɓoye take a bayan allon maɓallai ko a saman akwatin obin, tana jawo iska daga waje tana bi da ita ta kan fanel da wayoyi don kada zafi ya cinye su. Lambar da kike gani ta wannan ta biyun ce.

A jikin motar fankar akwai wata 'yar na'ura da ke ƙirga juyawarta ta hanyar maganaɗisu, tana sanar da fanel. Idan fanel ya ba fanka wuta, ya jira labarin cewa tana gudu yadda ya kamata bai samu ba, sai ya kashe obin don ya kare kansa. Saboda haka lambar tana iya fitowa idan fankar ta tsaya cak, ko tana juyawa a hankali, ko tana gudu lafiya amma na'urar ƙirgar ta mutu, ko kuma wayar da ke tsakaninsu ta saki. Fanel shi ne na ƙarshe da za a zarga, bayan an wanke sauran.

Ki kunna obin ɗin ki kai hannunki kusa da ramukan da iska ke fita, ki kuma saurara. Idan babu iska sam, ko kina jin gurnani ba tare da iska ba, to fankar ta ƙage ko motarta ta ƙone. Daga nan aikin mai gyara ne: ya kashe wuta daga babban makunni, ba daga maɓallin murhu kawai ba, ya bari ya huce, ya buɗe murfin baya, ya juya fankar da yatsa. Lafiyayya takan ci gaba da juyawa kaɗan bayan an sake ta. Wadda maiƙo da ƙura suka daskare a sandarta kuwa, da an sake ta take tsayawa. Sai ya auna koyil ɗin motar da mita, ya duba ko zafi ya gasa kan wayoyin ko ɓera ya ci su, sannan ya tabbatar fanel yana aiko wa fankar wuta a lokacin da ya kamata. Idan wuta tana isowa fanka ba ta motsi, laifin fanka ne. Idan fanka tana gudu sosai lamba kuma tana fitowa, a nemi na'urar ƙirga da wayarta.

Malam Habu mai wayarin:

Bayanin Injiniya ya gamsar, sai dai zan ƙara abu ɗaya tunda Hajiya ta ce daga Amurka murhun ya zo. Wutar gidajen can volt 120 da 240 ce a kan 60Hz, tamu kuwa volt 230 ce a kan 50Hz, Hz kuwa shi ne yawan kai-da-komon da wuta ke yi a daƙiƙa ɗaya. Taransifoma ƙarfin wuta kaɗai take sauyawa, ba ta taɓa Hz. Idan motar fankar irin wadda ke aiki kai tsaye da wutar layi ce, gudunta yana bin Hz ne, don haka a nan za ta rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na gudun da aka ƙera ta da shi tun ranar da aka fara kunna ta. Wannan kaɗai ba zai zama dalili ba, tunda murhun ya daɗe yana aiki a haka, amma yana nufin fankar tana gudu ne a bakin iyaka, ƙurar hunturu kaɗan ko faɗuwar wuta da yamma ta isa ta jefa ta ƙasa da abin da fanel ke nema. Hajiya, ki lura ko lambar ta fi fitowa a kan janareta ko lokacin da wuta ta yi rauni, mai gyara kuma ya karanta rubutun jikin motar ya auna abin da taransifomar ke fitarwa yayin da obin ke ja.

Hajiya Ladidi:

'Yar'uwa, ni ma sana'ata ke nan, kuma abin da zan ce ya shafi yadda muke amfani da shi ne. Fankar nan takan ci gaba da aiki bayan an kashe obin, har sai ya huce, don haka kashe shi daga bango da an fitar da kek yana barin zafin ya taru a kan fanel. A daina kuma rataya tawul ko jera faranti a bakin ramukan iskar.

Maman Fadila:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada yadda Injiniya ya ce, iskar tana fitowa amma da ƙyar, da wani sauti kamar ana goga ƙarfe. Mai gyaran ya ce zai iya haɗa wayar yadda lambar ba za ta sake fitowa ba, ko hakan ya dace?

Injiniya Bala:

Kada ki yarda, Hajiya. Idan aka rufe bakin na'urar, obin zai ci gaba da zafi ba tare da abin da ke sanyaya fanel da wayoyi ba, ƙarshenta fanel ɗin da kike gudun saye ya ƙone da gaske, ko robar wayoyi ta narke ta jawo gobara. Sautin da kika ji yana nuna bushin motar, wato abin da sandarta ke juyawa a cikinsa, ya ci, ko kunnuwan fankar suna taɓa gidanta. A ciro ta a goge maiƙon a gwada. Idan sandar tana girgiza a hannu, a sauya fankar gaba ɗaya da mai lamba iri ɗaya da tata, domin fankar da ba ta da na'urar ƙirga ko ta yi gudu fanel ba zai gane ta ba. Lambar samfurin murhun tana kan wata 'yar takarda a jikin ƙofar obin ko a bakin durowar ƙasa, ki ɗauki hotonta ki ba wanda zai yi odar. Kafin nan ki dakatar da gashi a cikinsa.