Taƙaitawa: Kaɗaici Ga Masu Aiki Daga Gida

An tattauna kan yadda masu aiki daga gida za su rage kaɗaici. Inda baki ya zo ɗaya:

1. A tsayar da lokacin tashi daga aiki, misali ƙarfe 5 na yamma, a rufe kwamfuta. In ba haka ba, aiki zai cinye yammacin da ake ganin mutane.
2. Maza su riƙa fita jam'i. Gaisawar bayan Azahar ma tana rage kewa.
3. Kiran minti 10 da abokin aiki ya fi dogon rubutu a WhatsApp, domin rubutu ba ya nuna fara'a, sai zargi ya shigo.
4. Masu yi wa kamfanonin Amurka aiki har dare su mayar da ziyara hantsi.

Inda aka rabu: hayar tebur a ofishin haɗaka, wato wurin da mutane daban-daban ke biyan kuɗi su zauna kowa ya yi aikinsa. Wasu sun ce kwana 2 a mako ya wadatar, wasu kuma sun ce kuɗin mota da hayaniya sun fi amfanin yawa.