Shawara kan baje kolin haɗin gwiwa da sayen zanen bugu mai lamba

Baƙuwar Abuja:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wani gidan baje kolin zane-zane a nan Abuja ya aiko mini da gayyata zuwa baje kolin da masu zane da dama suka haɗu a kai, kowa ya yi aikinsa a kan jigo ɗaya, wato kasuwa. An kuma sanar cewa ranar buɗewa za a fitar da wasu ayyukan bugu waɗanda kwafi 50 kacal aka yi na kowanne. Zanen fenti na asali ya fi ƙarfin aljihuna, amma na bugun zan iya saya idan na ɗan matse. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me ya raba wannan bugun da fastar da ake sayarwa a bakin titi, har kuɗinsa ya ninka nata haka? Ina neman shawararku kafin in zuba kuɗina.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kalmar bugu ta haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka sai a suna. Na farko shi ne wanda mai zane ya ƙirƙira tun asali domin a buga shi: ya sassaƙa katako ko roba, ko ya karci farantin jan ƙarfe ko na tutiya ya tsoma shi a ruwan asid, sannan a shafa tawada, a ɗora takarda, a matse, a ɗago, a sake shafa tawada domin kwafi na gaba. A nan babu wani zane na asali da ke rataye a wani wuri, kowace takarda da ta fito ita ce asalin. Na biyu kuwa hoton zanen fenti ne aka ɗauka aka ba inji ya fitar. Idan injin mai kyau ne kuma takardar ta auduga ce, yana iya yin kyau ƙwarai, kuma babu laifi a saye shi, amma ba a biyan kuɗin doki a kan jaki.

Idan kina son ganin na farkon a hannun gwani, ki nemi aikin Bruce Onobrakpeya. An haife shi a 1932, ya yi karatu a kwalejin Zariya da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. A 1967 asid ya lalata masa wani faranti, ya cike ramukan da wani irin danƙo mai daskarewa, sai ya ga bugun ya fito da tudu da kwari masu ban sha'awa, daga nan ya mayar da kuskuren wata hanya tasa ta aiki. Idan kika karkata irin wannan takarda a gaban haske, za ki ga tawadar ta yi kauri a wasu layuka, kuma gefen farantin ya bar shaidarsa a jikin takardar kamar gurbin hatimi. Fasta ba ta da wannan ko kaɗan, shafal take.

Hajiya daga Kaduna:
Malam ya faɗi gaskiya, ni kuma zan ƙara da abin da ya same ni. Shekarun baya na sayi wani bugu a wani gida da ba zan ambata ba, an rubuta 12/30 a ƙasansa, wato kwafi na 12 cikin 30, na rataye shi a falo ina alfahari. Bayan kamar shekara ɗaya na je gidan wata ƙawata na tarar da shi sak, nata ma 12 ne, sai dai takardar ta fi tawa faɗi kaɗan. Da na koma na yi magana, sai aka ce mini ai kowane girma da nasa talatin ɗin. Tun daga ranar ba na ciro kuɗi sai na yi tambaya: girma nawa aka buga, a kan takarda iri nawa, kuma za a sake bugawa nan gaba? 'Yata, ki sa a rubuta miki amsar a takardar shaida mai ɗauke da sunan aikin, da shekarar, da hanyar bugun, da adadin kwafi, ba rasit kawai ba.

Ɗan Kantin Kwari:
Ni a sanina, Hajiya, ƙaramar lamba ita ce mai daraja. Idan har za ta saya, ta yi sammako ta kama 1/50 ko 2/50.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Alhaji, wannan magana tana da tushe amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Akwai hanyar da ake karce faranti da tsinken ƙarfe kai tsaye ba tare da asid ba, kuma a irinta gashin ƙarfen da ke riƙe tawada yana kwantawa bayan 'yan bugu kaɗan, don haka na farko-farko sun fi kaifi. Amma yawanci sai an gama bugawa duka, sun bushe, sannan mai zane ya zauna da fensir ya bi su yana sa lamba da hannu, ba lallai bisa jerin yadda suka fito ba. Lambar ƙasa ta fi ta sama muhimmanci, domin ita ce alƙawarin cewa hamsin ɗin nan ba za su zama ɗari ba. Za ta kuma ga wasu an rubuta musu A/P a maimakon lamba. Waɗannan kwafin gwaji ne da mai zane ke ajiye wa kansa, kuma bisa al'ada ba sa wuce kashi 10 cikin ɗari na adadin. Masu tsantseni idan sun gama sukan soke farantin da karce ko su huda shi, don kada a sake amfani da shi.

Malamar Makaranta, Zariya:
Ni batun baje kolin kansa nake so in taɓa, domin an mayar da hankali kan saye. Amfanin baje kolin haɗin gwiwa shi ne yana gyara ido. Idan mutum goma suka zana kasuwa a ɗaki ɗaya, nan take za ki gane wanda ya zauna da mai tumatir ya lura da yadda take kasa kayanta, da wanda ya ɗauko tsohon aikinsa ya canza masa suna don ya shiga jigon. Wannan na biyun yana faruwa fiye da yadda ake zato, kuma shekarar da ke jikin ƙaramar takardar bayanin da ke gefen zane takan tona asiri. Shawarata ita ce ki je ranar buɗewa don ki gaisa da masu zanen ki yi musu tambayoyi, amma ki koma wata rana da hantsi, lokacin da babu hayaniya, ki tsaya gaban wanda ya kama zuciyarki. Ɗigon jan da ake mannawa a gefe yana nufin an sayar, kada ya sa ki gaggawa.

Idan hanya ta kai ki Legas, gidan baje kolin Rele, wanda Adenrele Sonariwo ta kafa a 2015, yana da shiri na haɗa matasan masu zane a baje koli ɗaya, kuma wuri ne mai kyau na ganin masu tasowa tun kafin farashinsu ya tashi. Gidan Nike Davies-Okundaye da ke Lekki kuwa bene ne cike da ayyuka tun daga ƙasa har sama, yini guda ba ya isa, kuma tana da reshe a Abuja. A nan kusa da ke ma akwai Thought Pyramid a Wuse II.

Ɗan Kantin Kwari:
To, ni ɗan kasuwa ne, a gafarce ni. Idan ta saya yau, zai yi riba gobe?

Hajiya daga Kaduna:
Alhaji, ka tuna zanen Tutu na shahararren mai zanen nan Ben Enwonwu. Kwafinsa na inji ya daɗe yana rataye a gidajen 'yan Nijeriya masu yawa, amma da aka gano ɗaya daga cikin na fentin a wani gida a Landan, shi ne aka yi gwanjonsa a 2018 a kan fam miliyan 1.2, fastocin kuma suna nan a matsayinsu na fasta. Bugun hannu na mai zanen da ya yi suna yana riƙe darajarsa, na sabon shiga kuwa sai abin da Allah ya yi. Ta sayi abin da za ta ji daɗin kallo shekara ashirin ko da bai ƙara kwabo ba. Ni kaina, saboda ba na rataye hoton mai rai a ɗakin da nake salla, na fi karkata ga ayyukan da aka gina kan dagi da zayyana da zanen bangon gidajenmu na gargajiya, kuma a baje kolin haɗin gwiwa ba a cika rasa ɗaya ko biyu irinsu ba.

Mai Firam a Sabon Gari:
Hajiya da Malam, ku ba ni dama in sa baki ta ɓangaren sana'ata, domin yawancin ɓarnar a wurinmu ake yin ta. Baƙuwarmu, kada ki yarda a shafa wa bugu gam a manna shi a katako, kuma kada a datse gefen takardar don ta shiga firam, saboda a wannan farin gefen lamba da sa hannu suke. A sa kwali mai taga tsakanin takardar da gilashi, kwalin kuma ya zama marar asid, in ba haka ba bayan 'yan shekaru za ki ga layin ruwan ƙasa ya zagaye zanen. Idan takarda ta manne da gilashi, laimar damina tana taruwa a tsakani ta kawo hunhuna. A rufe bayan firam ɗin ruf saboda ƙurar hunturu da ƙwari, a kuma nisanta shi da bangon da rana ke duka da wanda ke jingine da banɗaki.

Baƙuwar Abuja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira gidan ɗazu na yi tambayoyin da Hajiya ta ce, sun shaida mini cewa biyu daga cikin ayyukan sassaƙar roba ce da aka buga da hannu, sauran kuma na inji ne daga zanen fenti, kuma farashinsu kusan ɗaya ne. Zan je ranar Asabar in duba biyun nan a gaban haske. Malam mai firam, wane faɗi ya kamata a bari tsakanin bakin kwalin da sa hannun mai zane?

Mai Firam a Sabon Gari:
Kamar faɗin ɗan yatsa ya isa, baƙuwarmu, yadda lamba da sa hannu za su fito fili ba tare da kwalin ya taɓa su ba. Ki roƙe su kada su naɗe miki shi kamar tabarma, su sa shi a shimfiɗe tsakanin kwali biyu masu kauri, ki ɗauko shi haka har wurin mai firam.