Abin da dattawan Tudun Hatsi suka ce kan jari da tsufa

Bayan la'asar muka zauna a rumfar wani dattijo a Tudun Hatsi, nan Gombe. Hira ta kai mu kan masu zuba jari a sabon kamfani don a ba su kaso. Wani malami ya ce a Amurka abin ya kankama a 1946 da kamfanin ARDC na Georges Doriot, wanda a 1957 ya sa dala 70,000 a kamfanin ƙera kwamfuta na Digital Equipment. Dattawa suka ce ai ɗan'uwan mudaraba ne: ubangida ya ba yaro jari, a raba riba.

Ga wanda shekaru suka ja, shawararsu kada ya bar kasuwa, ya dai rage ɗawainiya. Ya bar wa yara zirga-zirgar ƙauye da lodin buhu, shi ya riƙe lissafi da sanin mutane. A kan wannan batu hirar ta fi daɗewa, kuma na yarda da su, don na ga yadda zaman gida ke karya mutum.

"Alhaji, a rubuta yarjejeniya ko da ɗanka ne," in ji wani, "kuma kada ka taɓa kuɗin cefane." Jarin kuma a rarraba shi hannu uku ko huɗu, tunda ba duka ne za su dawo ba.