Zafin salansa ya haura digiri 900 a WRX ɗina: ƙarin mai ne maganinsa?

Mai WRX, Kaduna:

Assalamu alaikum. Ina da Subaru Impreza WRX ƙirar 2004, mai injin EJ205 lita 2, wadda na saya tokumbo shekara biyu da suka wuce. Wata uku ke nan na kai ta wurin wani mai gyara ya ƙara mata ƙarfin iskar turbo, wanda ake aunawa da bar, daga kusan bar 0.9 da ta zo da shi zuwa bar 1.2, kuma na sa aka ɗaura ma'aunin zafin hayaƙi a jikin manifol, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga injin, kafin turbo. Tun daga lokacin, duk sanda na taka totur sosai a giya ta huɗu a hanyar Zariya, sai allurar ta haura digiri 900 a ma'aunin Selshiyas, wani lokaci har 930. Wata rana da daddare na tsaya na buɗe bonet, na tarar bayan turbo ya yi jawur kamar ƙarfen da aka zaro daga wutar maƙera.

Na koma wurin mai gyaran, ya ce mai ne ya yi wa injin kaɗan, ya ƙara. Zafin ya ɗan sauka, amma yanzu motar tana fitar da baƙin hayaƙi, ƙarfinta ya ragu, kuma shan manta ya fi ƙarfin aljihuna. Yana so ya sake ƙarawa, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Shin ƙarin mai ne kaɗai maganin wannan zafi, ko akwai abin da ba mu duba ba?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bari a sake ƙara ko ɗigo ɗaya sai an auna, domin abin da ake yi wa motarka yanzu lalube ne a cikin duhu.

Gaskiya ne mai yana sanyaya hayaƙi. Fetur yana ƙonewa tsaf idan ya haɗu da iska kashi 14.7 ga kashi 1 nasa a nauyi, kuma a daidai wannan haɗin, ko kusa da shi, hayaƙi ya fi zafi. Shi ya sa idan turbo ta ɗauki aiki ake ba injin mai fiye da wanda zai iya ƙonawa, wajen kashi 11 zuwa 12 na iska ga kashi 1 na fetur, domin ragowar man da bai ƙone ba ya kwashe zafi ya fita da shi. Har nan mai gyaranka yana kan hanya. Inda ya kauce shi ne zaton da ya yi cewa zafin hayaƙi hanya ɗaya kawai yake da ita.

Hanya ta biyu ita ce taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, kuma a motoci irin taka ita na fi zargi. Idan filogi ya ba da wuta a makare, man ba ya gama ƙonewa a cikin silinda inda zai tura fistan, sai bawul ɗin fitar hayaƙi ya buɗe wutar tana ci, ta bi manifol ta ƙarasa ƙonewa a bakin turbo. Ƙarfin da ya kamata ya tafi tayoyi sai ya koma zafi a salansa. To, me zai sa wutar ta makara? Injinka yana da sansa mai sauraron ƙwanƙwasa, wato fashewar da ragowar haɗin mai da iska ke yi da kansa saboda matsi da zafi, mai ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ba ita ce "nokin" da muke faɗa a gareji idan inji ya buga ba, amma tana iya kai shi can. Da zarar sansar ta ji wannan ƙara, kwamfutar injin, wadda muke kira birenbos, sai ta ja taimin baya don ta ceci fistan. An ƙera wannan mota ne don fetur mai oktan mai yawa, kai kuma ka ƙara mata matsi, kana zuba mata man da aka samu a gidan mai, a garin da zafin rana ke kusantar digiri 40 a watan Afrilu, sannan intakularta, wadda ke sanyaya iskar turbo kafin ta shiga injin, tana zaune a saman injin tana shan zafinsa duk lokacin da ka tsaya a cunkoso. Ko ban ga motar ba, zan yi mamaki idan birenbos ba ta jan taimin.

Abin da zan ba ka shawara shi ne a saka sansar iskar oksijin mai faɗin awo, wadda ke nuna haɗin iska da mai, irin Bosch LSU 4.9, a bututun da ke bayan turbo, a haɗa kwamfuta da motar, a ja ta a giya ta uku ana naɗar haɗin mai, taimin, da zafin iskar da ke shiga. Sai an ga waɗannan ukun tare za a san inda cutar take.

Injiniya Mai Lissafi:

Na yarda da bayanin Baba Tsohon Bakanike, sai dai ina roƙon kada a sallami zancen ƙarancin mai tun yanzu. Abin da aka rubuta wa birenbos daban, abin da ke isa silinda daban. Famfon mai na motar da ta haura shekara ashirin yana iya wadatar da injin a ƙananan juyi, amma ya gaza idan an kai juyi 6,000 a minti, kuma a nan ne fistan ke narkewa. Ƙa'ida ita ce matsin mai ya riƙa hawa tare da matsin turbo: idan yana kan bar 3 ba tare da turbo ba, to a bar 1.2 na iska ya kamata ya kai kusan 4.2. A ɗaura ma'auni a gani. Idan yana faɗuwa, a duba matatar mai da famfon. Masu irin wannan mota da yawa suna sa Walbro mai lita 255 a awa. A kuma duba nozul masu fesa wa silinda mai, domin wanda yake buɗe fiye da kashi 85 cikin ɗari na lokaci ya kusa ƙurewa.

Akwai kuma abin da ma'auninka ba zai gaya maka ba, Malam. Silinda huɗu ne, kuma guda ɗaya tana iya fama da ƙishirwar mai saboda nozul ɗinta ya toshe alhali sauran ukun sun ƙoshi har suna amayar da baƙin hayaƙi. Ka cire filogi huɗun ka jera su a kan tsumma bisa tsarinsu. Wanda ya yi fari fat a cikin baƙaƙe, ko wanda ka ga ɗige-ɗigen ƙarfe a farantinsa, shi ne mai ba da labari. Tsantsar alminiyo yana narkewa a digiri 660, gaurayen da ake yin fistan da shi kuwa tun kafin a kai nan yake fara narkewa. Abin da ke kare shi daga wutar da ta fi haka nesa ba kusa ba shi ne siririn rufin iska a samansa da baƙin man da ke sanyaya shi, ƙwanƙwasa kuwa ita ke yaye wannan rufin.

Direban Dare:

Ƙarin bayani kaɗan, Oga. WRX na waɗannan shekarun da aka sayar a Amurka suna da indomi, wato matatar da ke rage gubar hayaƙi, a cikin bututun da ke hawa zuwa turbo, ban da na ƙasa. Idan ya tsufa ya toshe, hayaƙi ya kan taru a baya ya ƙara zafi, idan kuma ya farfashe, gutsattsarinsa turbo suke shiga. A leƙa shi. Kuma bayan gudu irin wannan kada ka kashe injin nan take. Ka yi tafiyar hankali na 'yan mintuna, don kada baƙin mai ya ƙone ya daskare a cikin turbo.

Mai WRX, Kaduna:

Allah ya saka muku da alheri. Jiya Asabar muka yi awon. Haɗin ya sauka har 10.2, wato man ya yi yawa ƙwarai, kuma daga juyi 4,500 zuwa sama birenbos tana jan taimin baya da digiri 6 na juyin inji. Matsin mai bai faɗi ba, Injiniya, filogi huɗun kuma duk baƙaƙe ne, babu fari a cikinsu. Da muka cire intakula mun tarar ƙura da busasshiyar ciyawa sun toshe kusan rabin fuskarta, robar da ke haɗa ta da bakin bonet kuma ta yage, iskar waje tana wucewa ta gefe.

Mun wanke ta, mun sauya robar, mun mayar da turbo bar 1.0, muka daidaita haɗin a 11.3. A wannan hanyar dai, a giya ta huɗu, allurar ta tsaya a 850, baƙin hayaƙin ya ɗauke, motar kuma ta yi ƙarfi fiye da lokacin da take kan 1.2. Indomin sama ne ya rage, mun sa ranar Laraba za a kwance bututun a duba shi. Baba, idan an same shi ya fara farfashewa, za a iya gane ko turbo ta taɓu ba tare da an sauke ta ba?