Duk Bature munafuki ne? Muhawara a kan Habre, Abacha da kuɗin goro

Na Damagaram: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai na gama yanke hukunci, Bature ba shi da bakin da zai kira wani shugaban Afirka ɗan kama-karya. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su, munafukai ne. A Afrilun 2021 da Idriss Deby ya rasu, sojoji suka jingine tsarin mulkin Chadi suka ɗora ɗansa Mahamat, Macron ya taso takanas daga Faris ya zauna a sahun gaba wurin jana'iza. Da sojojinmu suka sauke Bazoum a Yulin 2023, nan take Faransa ta tuno da dimokuraɗiyya. Mai ja ya zo.

Kawu Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ka ɗauko na jiya-jiya. Koma baya ka dubi Hissene Habre. Ya ƙwace Njamena a Yunin 1982, ya riƙe Chadi shekara takwas. Saboda yana yaƙar Gaddafi, Faransa ta turo masa sojoji da jiragen yaƙi a 1983, ta ƙara turowa a 1986. Amurka ta ba shi makamai da kuɗi, a Yunin 1987 Reagan ya karɓe shi a Fadar White House. A daidai wannan lokaci hukumar leƙen asirinsa, DDS, tana ta cika gidajen yari. Akwai wani tafkin wanka na zamanin Turawa da aka rufe samansa da siminti aka yanka shi ɗaki-ɗaki, ana cusa mutane ciki suna mutuwa da zafi da yunwa. Kwamitin binciken da Chadi ta kafa ya ce a rahotonsa na 1992 mutum sama da 40,000 aka hallaka. Kada wani ya ce mini masu ba shi bindiga ba su san komai ba.

Na Damagaram: Allah ya ƙara girma Kawu. Magana ta ƙare ke nan.

Malamar Tarihi: Ba ta ƙare ba ƙanena. Duk abin da Kawu ya faɗa haka yake, ban cire ko ɗigo ba. Amma ka lura shi sunaye ya kira: Reagan, gwamnatin Faransa, DDS. Kai kuwa cewa ka yi "Bature". Tambayata, wa ya kai Habre gaban alƙali? Mutumin ya gudu Senegal a Disambar 1990, ya zauna a Dakar yana shan iska fiye da shekara 20. A 2000 wani alƙalin Senegal ya tuhume shi, manyan kotunan ƙasar suka ce ba huruminsu ba ne. Beljiyam ce ta ba da sammacin kama shi a 2005, ita ce kuma ta kai Senegal kotun duniya da ke Hague, wadda a 2012 ta ce ko dai ku yi masa shari'a ko ku miƙa shi. Reed Brody, lauyan Human Rights Watch da ya yi shekaru yana bin sawunsa, Ba'amurke ne. Ƙasa ɗaya ta haifi wanda ya shimfiɗa wa Habre darduma da wanda ya hana shi barci. A wane layi za ka tsayar da na biyun?

Na Damagaram: Beljiyam? Haba Malama. Ƙasar Sarki Leopold, mai sare hannuwan mutane a Kwango saboda roba? Ƙasar da hannunta ke cikin jinin Lumumba? Ita ce yau alƙaliya?

Malamar Tarihi: Ita ɗin dai. Kuma da ba ta matsa ba, wataƙila da Habre ya mutu a kan gadonsa ba tare da ya taɓa jin muryar waɗanda ya azabtar ba. Mai laifi zai iya faɗin gaskiya a kan wani mai laifin. Ka tuhume shi da nasa, amma gaskiyar da ya faɗa ba ta zama ƙarya ba.

Hajiya ta Njamena: Ku yi haƙuri in sa baki, tunda garinmu ake magana. Ina jin ku kuna ta Faransa, Amurka, Beljiyam, kamar mu 'yan Chadi 'yan kallo ne a cikin abin da ya same mu. Waɗanda suka ɗauki nauyin shari'ar nan a kansu mutanenmu ne. Souleymane Guengueng, wanda ya fito daga kurkuku da ƙyar, shi ya riƙa bin tsoffin fursunoni yana rubuta bayanansu yana ɓoyewa. Lauya Jacqueline Moudeina an jefa mata gurneti a 2001, ta warke ta dawo ta ci gaba. Alƙalin da ya karanta hukuncin ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016, Gberdao Gustave Kam, ɗan Burkina Faso ne. Wannan ke nan.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai. Ɗana Na Damagaram, ka san mene ne ainihin laifin Habre? Kuɗin goro. A Satumban 1984 wasu 'yan kudu sun ɗauki makami, sai aka bi kudu gaba ɗaya, ƙauye-ƙauye, har da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da ba su taɓa riƙe bindiga ba. A 1987 ya ɓata da wasu manyan Hajarai, sai aka shiga kamun duk wani Bahajare. A 1989 Deby da Hassan Djamous, manyan sojojinsa 'yan ƙabilar Zagawa, suka juya masa baya, sai zama Bazagawe ya zama laifi, ana ɗauke mutum a gida ko a kasuwa don kawai ƙabilarsa. Da ya faɗi, wasu suka juya suna cewa ai duk Gorane, ƙabilarsa, mugaye ne, alhali makiyayin da ke bin raƙumansa a Borku bai san hanyar ofishin DDS ba. Ni duk maganar da ta fara da "ai dukansu" jikina sanyi yake yi, ko da a kan wanda ba na so ake yin ta.

Na Damagaram: Hajiya Allah ya huci zuciyarki, amma ki bambanta. Habre yana da soja da kurkuku, ni waya kawai gare ni. Ban ce a kama Bature ko ɗaya ba.

Hajiya ta Njamena: Ban ce kai Habre ba ne ɗana. Amma kafin a aika soja, da baki ake farawa.

Kawu Mai Rediyo: In ƙara miki guda Hajiya. Wa ke shugabantar rundunar sojan Habre a Satumban 1984? Idriss Deby. Shi ya gaje shi, ya yi shekara 30 a kan mulki, ba wanda ya taɓa tsayar da shi gaban kotu. Turai ta yi shiru, Tarayyar Afirka ma ta yi shiru, har ta ba shi shugabancinta a 2016, shekarar da aka ɗaure tsohon maigidansa.

Na Damagaram: To ku bar Chadi, ku zo gidanmu. 1899, Voulet da Chanoine, hafsoshin sojan Faransa. Sun ratso ƙasar Hausa suna ƙona garuruwa, suka mayar da Birnin Konni kufai, suna rataye mutane a bishiya. Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu. Wannan ma gwamnati ce kawai, ba halin mutanen ba?

Malamar Tarihi: Nan ka taɓo inda ya fi zafi, kuma ba zan sassauta wa Faransa ba. Bayan an kashe mutanen biyu, ragowar rundunar ta ci gaba, ta ci Damagaram, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Faransa ta riƙe duk ƙasar da aka ƙwace da wannan ta'asa, ta rufe bincike a 1902 da cewa wai zafin Afirka ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. In ana neman munafuncin hukuma, ga shi nan tsirara. Amma ƙarasa labarin. Wani hafsa daga cikinsu, Peteau, shi ya tona asiri a wasiƙa. Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da su Bafaranshe ne, Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Dankori ranar 14 ga Yuli. Kuma Turawan da ke cikin rundunar ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ɗaruruwan da suka harba bindigogin, suka cinna wutar, baƙar fata ne da aka ɗebo daga yamma. Su ne kuma daga baya suka juya suka harbe Voulet da Chanoine.

Ɗan Zangon Kumasi: Malama kin rigaye ni. Yaya Na Damagaram, mu a nan Gana wannan lissafin naka a kanmu yake faɗawa. A 1863 Baturen Ingila John Glover ya kafa runduna a Legas da ake kira Hausawan Glover, da su aka yaƙi Ashanti a 1874. Wasu tsoffin zangunanmu daga tsoffin sojojin nan suka samo tushe. Har rundunar Leopold ta Kwango da ka ambata, a farkonta an ɗebi sojojin haya daga Afirka ta Yamma da ake kira Hausawa, ko da yake ba duka ne Hausawan ba, wasu bayi ne da suka gudo. Da Kanar Morland na sojan Ingila ya fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903, Turawan 'yan kaɗan ne, sojojin Afirka sun haura 700. Yanzu in Ba'ashante ya tashi ya ce ai duk Bahaushe karen farautar Bature ne, za ka yarda?

Na Damagaram: Tilasta musu aka yi.

Ɗan Zangon Kumasi: Wasu tilas, wasu albashi. Ka ga da aka zo kan namu har ka fara rarrabewa.

Bakano Sak: Ni ina bayan Na Damagaram. Duk shugaban da ya ƙi yi musu biyayya sai su shafa masa baƙin fenti. Dubi marigayi Janar Abacha. Mutumin da ya kafa PTF, asusun rarar kuɗin man fetur, aka yi tituna, aka kai magani asibitoci, mai bai yi tsada ba. Don ya juya wa Turai baya suka ce ɗan kama-karya ne.

Kawu Mai Rediyo: Ɗana, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Titunan PTF na hau su, ban musa ba. Amma Shehu Musa 'Yar'aduwa a kurkukun Abakaliki ya rasu a Disambar 1997, ɗan Katsina ne ba ɗan Landan ba. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi an tuɓe shi a 1996 aka tsare. Kudirat Abiola an harbe ta a kan titin Legas a Yunin wannan shekarar. Ken Saro-Wiwa da mutum takwas an rataye su a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995, kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya har aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, Mandela ne. Shi ma Bature ne?

Bakano Sak: To kuɗin da ake cewa ya sata, a ina aka ajiye su? Ba a bankunansu ba?

Kawu Mai Rediyo: A bankunansu, kuma wannan nasu ne su amsa, don sun karɓa suna sane. Siwizalan ta dawo da dala miliyan 321 a 2017, tsibirin Jersey da Amurka suka dawo da sama da miliyan 300 a 2020. Amma ka ji abin da ka faɗa? Ba za ka zargi mai ajiyar kayan sata ba, sannan ka ce ba a yi sata ba.

Bakano Sak: Ajiya ya yi wa ƙasa saboda takunkumi.

Malamar Tarihi: Da sunan 'ya'yansa da abokan kasuwancinsu? To Allah ya kyauta.

Ɗan Zangon Kumasi: Tunda ana lissafin masu ba azzalumai masauki, kada a tsaya a Turai. Idi Amin a Jidda ya ƙare rayuwarsa a 2003, Saudiyya na ciyar da shi. Mengistu na Habasha yana Zimbabuwe tun 1991. Mobutu a Rabat aka binne shi. Siad Barre, wanda jiragensa suka ragargaza Hargeisa a 1988, Najeriya ce ta karɓe shi, a Legas ya mutu a Janairun 1995. Charles Taylor ya zauna a Kalaba daga 2003 zuwa 2006, a Gamborun Ngala aka cafke shi zai tsallaka Kamaru. Ban taɓa jin wani a cikinmu ya ce saboda haka duk ɗan Najeriya munafuki ne ko duk Balarabe ba.

Na Damagaram: Na ji ku duka, amma ban sauka ba. Akwai bambanci. Talakan Najeriya bai zaɓi Babangida ba, ba a tambaye shi kafin a sauki Siad Barre ba. Su kuwa suna alfahari da cewa ƙuri'arsu ce ke naɗa shugabanni. Amurkawa sun zaɓi Reagan sau biyu, Faransawa sun zaɓi Mitterrand sau biyu. In mulkin na jama'a ne, to alhakin ma na jama'a ne.

Malamar Tarihi: Yanzu ka kawo hujja mai nauyi, ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Na yarda ɗan ƙasar da ke zaɓe yana da wani kaso na alhaki, ko da na rashin tambaya ne. Amma alhakin rashin tambaya daban, na wanda ya sa hannu a takardar tura makamai daban. Kuma ka yi hattara da wannan ma'aunin, don zai dawo. Sojoji sun kashe fararen hula a Odi a 1999 da Zaki Biam a 2001 a ƙarƙashin zaɓaɓɓiyar gwamnati. A Zariya a Disambar 2015, bayan sojoji sun buɗe wa 'yan Shi'a wuta, jami'in gwamnatin Kaduna da kansa ya shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a 1999 da 2015, Bakano, da kai da ni, nawa ne kasonmu?

Bakano Sak: Wannan wata maganar ce daban Malama.

Malamar Tarihi: Kullum namu wata maganar ce daban.

Hajiya ta Njamena: Ni tambaya ɗaya gare ni ga ɓangarorin biyu. Kotun ɗaukaka ƙara a Dakar ta ce a 2017 a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82, ta ɗora wa wani asusu na Tarayyar Afirka nemo kuɗin. Habre ya mutu a Agustan 2021 ba a ba su ko sisi ba. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba biliyan 10, bayan da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Faransa da Amurka da suka ba shi makami ba su cike giɓin ba, shugabanninmu da suka ce a yi shari'ar da sunan Afirka su ma ba su cike ba. Na Damagaram, Bakano, Malama, saura biliyan 72, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa?

Na Damagaram: Faris.

Ɗan Zangon Kumasi: Addis Ababa, hedikwatar Tarayyar Afirka, ta fi kusa, kuma ita ta yi alkawari.