Antibodi: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Ma'aikacin lab, Gangare: Salamu alaikum. Mu da ke yi wa mutane bayanin sakamakon gwajin jini a Jos, wace kalma za mu tsayar wa antibodi? Wasu na cewa "sojojin jiki", amma fararen ƙwayoyin jini sun riga sun riƙe wannan suna. Antibodi sinadari ne da sojojin ke ƙerawa, kowanne da cutar da aka yi shi dominta.

Nas, Bukuru: Wa alaikumus salam. "Sinadarin garkuwa" fa, Malam?

Likita, Anguwar Rogo: Sista, a nan gizo ke saƙar. A ciwon hanta nau'in B kalmar ta zauna: wanda ya yi rigakafi, antibodinsa na cutar (anti-HBs) ya kai ma'aunin 10 mIU/mL, garkuwa ce ta gaske. Amma ki ce wa mai ƙanjamau an ga garkuwa a jininsa, sai ya koma gida yana hamdala, alhali cutar na nan daram. Ciwon hanta nau'in C kuwa, kusan mutum 3 cikin 10 jikinsu kan kore cutar da kansa, antibodin ya zauna shekaru. Sai PCR, gwajin da ke neman ƙwayar cutar kanta, ya raba gardama. Ni "sinadarin martani" na zaɓa. Jiki ya gamu da baƙo ya mayar da martani, ba a ce ya yi nasara ba.

Ma'aikacin lab, Gangare: Ranka ya daɗe, ta kuwa sauƙaƙa bayanin lokacin jira. Martani ba ya zuwa nan take, gwajin ƙanjamau na yatsa kan iya kai kwana 90 bai nuna ba. A ire-iren antibodi, IgM martanin farko, IgG martanin baya mai daɗewa. A katin gwaji kuma, in layin C, mai nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. Katin gwajin ƙanjamau na Determine ba a karanta shi kafin minti 15, kuma layi biyu a gwaji ɗaya bai isa a yanke hukunci ba sai an tabbatar da wani.

Ungozoma, Dilimi: Na amince. A ƙara da jariran mata masu ƙanjamau: ƙasa da wata 18, ana iya ganin martanin uwa, ta mabiyiya ya ratsa. PCR za a yi wa ɗan.

Nas, Bukuru: To, na janye tawa. Antijin fa, irin HBsAg na ciwon hanta nau'in B?

Likita, Anguwar Rogo: Wannan ɓangaren jikin ƙwayar cutar ne, "ɓurɓushin cuta" na iya ɗaukarsa. A gwada kalmomin biyu a ɗakin awo wannan makon, mu ji yadda kunnen mata zai karɓa.