Kayan rinin da na saya ta Instagram sun ƙi kamawa, mai shagon kuma ta yi gum

Maman Husna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin harkar rini, don Allah ku fitar da ni daga duhu. Da aka ba yara hutu na ce bari in samo musu abin da zai raba su da waya, sai na ci karo da wani shago a Instagram mai sayar da kwalin koyon rini a gida: kala huɗu, soda, haidiro (garin da ke sa kala ta kama yadi), safar hannu, zaren ɗauri da fararen riguna biyu. Naira 18,500, kuɗin mota daban. Daga Legas aka sako shi, sai da ya kwana tara kafin direba ya kira ni in je Kwangila in karɓa.

Ina buɗewa na ga kala uku, babu ja. Safar hannu wari ɗaya. Haidiron a ƙulle cikin farar leda kamar gishirin naira hamsin, ya dunƙule ya yi tauri, sai da na sa bayan cokali na murƙushe shi. Takardar bayanin ba awo ko ɗaya, wai "a zuba daidai misali". Haka muka ɗaure rigunan, muka tsoma, muka jira. Ana ɗaurayewa kalar nan ta bi ruwa ta tafi kwata, rigar ta koma kamar wadda ta sha bula. Husna har da kukanta.

Na yi wa matar magana. Kafin in tura kuɗi kam, ko ƙarfe sha ɗayan dare na rubuta za ta amsa. Yanzu ta ce ni ce ban bi ƙa'ida ba, kuma su ba sa mayar da kuɗi. Daga nan sai ta karanta ta yi shiru. Shin ni na ɓata, ko kayan ne?

Ɗan Marina:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tun daga ƙullin ledar nan aka cuce ki. Haidiro ba ya shiri da iska da laima, mai kyau gari ne warwas, warinsa har ya hau kai. In ya dunƙule, ƙarfinsa ya tafi, alhali shi da soda ne ke narkar da kalar har ta shiga cikin zare. In babu shi, kalar a saman yadi kawai take zama. Ki leƙa karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda aka rubuta 1498 a ƙofarsa: zane kore-kore yake fitowa daga ramin baba, sai ya sha iska yake komawa shuɗi.

Sannan ki duba rigar. Irin wannan rini auduga yake kamawa, ba ya kama yadin roba. Ki zare ɗan zare daga kalmasa ki kusanta shi da ashana. Auduga za ta ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa za ta yi ta dunƙule. Sodar nan kuma tana cin fata, kar ki bar yara su taɓa ta da hannu.

Anti Bilki:
Wayyo, ni da kayan haɗa sarƙar duwatsu aka yi mini haka. Zaren ya fi ramin duwatsun kauri, kin ji fa. Tun daga ranar, Kantin Kwari nake zuwa da ƙafata in zaɓi yadi, sauran tarkace in shiga Sabon Gari.

Malam Sada:
Hajiya, "ba ma mayar da kuɗi" ba doka ba ce, faɗarta ce kawai. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da yadda aka tallata shi ba, kuma ana shigar da ƙorafi ta shafin hukumar. Ki ɗauki hoton tallar da hirarku kafin ta goge, ki ajiye shaidar tura kuɗin. Ki rubuta mata sau ɗaya, ba zagi, ki ba ta mako guda.

Maman Husna:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ɗan Marina, na gwada zaren yanzun nan a bakin murhu. Narkewa ya yi ya zama ɗan baƙin ƙwallo, har ya manne mini a yatsa. A tallar kuwa auduga zalla ta rubuta, na ɗauki hoton. Malam Sada, na tura mata saƙon da ƙarfe huɗu, ta karanta. Gobe zan aiki ƙanena ya sayo mini alawayyo yadi biyu, ko akwai wanda ya san inda ake samun haidiro mai kyau a nan Zariya?